Allon da Ya Nuna Mai Gari

Har yau ban taɓa mantawa da ranar da na kusa jawo a kore mu daga wani ƙauye ba, kuma ba komai ya jawo ba sai sayen allo. Lokacin ina malamin gona a yankin Baure, a shekarar da aka ba mu laftof guda don mu riƙa nuna wa manoma bidiyon yadda ake adana wake.

Ga wanda bai san aikin ba, malamin gona shi ne mai zagaya ƙauyuka yana koya wa manoma dabarun shuka da ajiya. A samana akwai shugaban sashe, Alhaji Mamman, mutumin kirki, sai dai duk abin da ke ƙyalli yana tafiya da hankalinsa. Matsalarmu ita ce allon laftof ɗin ƙarami ne. In na buɗe shi a gindin bishiya, na gaba kaɗai ke gani, na baya sai su yi ta tambaya, "Me ya ce? Me ya nuna?" Majigi kuwa yana son duhu da janareta, mu kuma a babur muke yawo da rana tsaka.

Sai aka amince a sayo mana ƙarin allo, irin wanda ake jonawa da laftof a kuma zura shi a jaka, wanda 'yan kasuwa ke ce wa monita. A ƙa'ida ni zan je in duba in kawo rahoto. Alhaji ya ce a'a, abu mai muhimmanci irin wannan da kansa zai je.

Muka shiga Daura, shagon Emeka, ɗan kasuwar da ya daɗe a garin har Hausarsa ta fi ta wasu 'yan boko gardi. Ya fito mana da guda biyu. Ɗaya fuskarsa a dushe take kamar an shafa mata toka, mara nauyi. Ɗayan ya fi girma, baƙi wuluk, yana sheƙi kamar sabon takalmin ango.

"Kafin komai, ku kawo laftof ɗin in ga ramukansa," in ji Emeka. "Wani ramin caji kawai yake ɗauka, ba ya fitar da hoto. Kar ku kai gida ku ce na cuce ku."

Ya jona, duka biyun suka kawo. Ya tambaye mu inda za mu yi aiki da shi. Na ce a waje, cikin jama'a.

"To ku ɗauki mai dushin nan. Haskensa ya fi ƙarfi, kuma ba ya cin batir sosai. Wancan na ofis ne, yana son inuwa."

Alhaji bai ji ba. Ya riga ya tsaya gaban mai sheƙin yana gyara zaman hularsa.

"Emeka, so kake in kai wa manomana abin da ya yi kama da tsohon faranti? Wannan dai. Ko a kashe yake, mutum ya san gwamnati ta zo."

Na ce, "Yallaɓai, ko mu fita da shi rana mu gwada?"

"Malam Sani, allo ne ko shanya?"

Ni ma, gaskiya, ya burge ni, don haka na amince. Emeka ya ɗaga kafaɗa, ya naɗe mana shi.

Fitarmu ta farko da shi wani ƙauye ne kusa da Babban Mutum, bayan an gama roron wake. Fitar tana da nauyi, domin bara ƙwari sun cinye musu wake a rumbu, kuma Mai garin ya daɗe yana cewa malaman gona surutu kawai suka iya. Da ƙyar Alhaji ya shawo kansa ya tara mana mutane. In muka ɓata wannan zama, ba za a sake shimfiɗa mana tabarma a garin ba.

Aka kawo tebur ƙofar gidan Mai gari, na kafa allon a kai yana kallon jama'a. Aka ajiye wa Mai gari kujera daf da shi. Mutum ne mai jiki, masha Allah, ya sha farar babbar riga da rawani, ga hantsi ya haske shi tas. Ni kuma na koma bayan tebur, ina kallon laftof. Na tsayar da bidiyon daidai inda aka nuno ƙwaron wake an girmama shi, ya cika allo. A wajena hoton ya fito raɗau. Abin da ban sani ba shi ne, a wajen jama'a rana ta haɗiye hoton gaba ɗaya, allon ya zama madubi, babu kowa a cikinsa sai wanda ke zaune a gabansa.

Na gyara murya, na nuna allon da ɗan yatsa.

"Jama'a, ku dubi fuskar nan da kyau, ku gane ta. Wannan shi ne mai cinye muku wake."

Wurin ya yi tsit. Na ɗauka maganar ce ta shige su, sai na ƙara wuta.

"Ba ya huɗa, ba ya shuka, ba ya noma. Kuna wahala a rana, shi yana zaune yana ƙiba. Da kun kawo amfani gida, shi ne farkon ci. Yau mun zo mu koya muku yadda za ku ƙunshe shi a buhu, ku ɗaure bakin, har numfashinsa ya ɗauke."

Na hango Alhaji Mamman a gefe yana yi mini alama da hannu biyu, kamar mai korar kaji. Na ɗauka cewa yake in ɗaga murya. Na ɗaga.

Sai Mai gari ya ce, a hankali, "Malam, wa kake nufi?"

"Ranka ya daɗe, wanda kake gani a allon nan."

"Ni kaina nake gani."

Na zagayo na leƙa. Ga rawani, ga gemu, ga idanu biyu sun yi ja suna kallona.

Allah ya kawo mana agaji ta bakin wani dattijo, Malam Idi, wanda daga baya na ji taubashin Mai gari ne, wato abokin wasansa na jini, wanda duk abin da ya faɗa masa ba a riƙe shi. Ya taso da sandarsa, ya leƙa allon, ya jinjina kai.

"Kai, na'urar Bature ba ta ƙarya! Mu mun daɗe da sani, tsoron faɗa muke. Malam, ina buhun? A samo babba."

Wani ya tuntsire da dariya a baya, sai wurin ya ɓarke. Mai gari ya yi ta maza na ɗan lokaci, sannan tumbinsa ya fara rawa, ya yi dariya har da share hawaye da bakin rawani.

"Idi, kai ko buhu ba za a ɓata a kanka ba, ƙullin leda ya ishe ka," in ji shi. Ya juyo gare ni. "Malam, ɗauki madubinka mu shiga zaure, mu ga ɓarawon gaskiya."

A inuwar zaure ƙwaron ya fito sarai. Muka riƙa shigo da mutane rukuni-rukuni, suka ga yadda ake zuba wake a buhu mai leda a ciki, a matse iska, a ɗaure. Tambayoyin da aka yi mini ranar sun fi na kowane zama da na taɓa yi, kuma Mai gari da kansa ya fara karɓar buhunan.

A hanyar komawa, da muka kusa gari, Alhaji ya dube ni. "Gobe ka mayar wa Emeka," ya ce. "Ka karɓo farantin."

Ku sababbin malaman gona da kuka shigo aikin nan yanzu, in za ku zaɓi kayan aiki, ku gwada shi a inda zai yi aikin, da irin ranar wurin da ƙurarsa. Kuma kafin ku buɗe baki a gaban jama'a, ku zagaya ku tsaya inda suke tsaye, ku ga abin da suke gani. Mutanenmu na karkara suna yafe kuskure in sun ga ba da raini aka yi shi ba, amma ba kowane gari ne za ku tarar da taubashi a zaune yana jiran ya cece ku ba.