Fatar da Baba Ya Gada

Shekara biyu na yi a jami'a a Manchester ina nazarin jakin dawa na kan duwatsu, wanda ake samu a kudancin Afirka, kuma har na gama ban taɓa ganin mai rai ba. Duk abin da na sani daga hotuna ne, da takardu, da 'yan kwalaben kashinsa da ake aiko mana a daskare. Na faɗi wannan tun farko don kada a ɗauke ni masani. Malamar da ta duba aikina ta taɓa jan layi a ƙarƙashin kowane "mai yiwuwa" da ke babi ɗaya, har shafin ya koma ja.

Akwai wata mata 'yar Gana a Old Trafford da muke sayen abinci a wurinta ranar Juma'a, muna kiranta Anti. Wata rana tana zuba mini miya ta ce, "Dakta, kai ne mai karatun jaki ko?"

"Ban zama dakta ba, Anti. Kuma ba jaki ba ne sosai, wato dangin..."

"Jaki dai. Babana na nemanka a Birmingham."

Mahaifin nata ya yi ritaya daga aikin kula da tsofaffi, zai koma Kumasi, kuma ranar Asabar ta mako mai zuwa za a kwashi kayansa zuwa jirgin ruwa. Masu ɗaukar kayan sun ce a rubuta sunan kowane abu. A cikin kayan akwai wata fatar jakin dawa, shi kuwa Baba ya ce ba zai rubuta abin da bai tabbatar ba.

Na shiga jirgin ƙasa ranar Laraba da safe, ina ta duba hotuna a wayata kamar mai shirin jarrabawa. Na samu Baba a tsakiyar kwalaye, ɗan siririn dattijo mai farin gemu. Bayan mun gaisa ya ce a kawo mini shayi, sannan ya warware fatar a kan kafet. Ta cika falon.

"Ga ta nan, Malam. Wani tsohon Bature na yi wa aiki shekara shida, shi ya bar mini. Ɗansa ya ce irin gama-garin nan ne, in rubuta shimfiɗa kawai. Ni buzu zan yi da ita. Na tambayi malamai, sun ce ba laifi. In na isa gida baduku zai rage mini bayan nan, ta yi daidai sallah."

Na durƙusa. Wurin da yake nufin yankewa shi na fara dubawa. Daga tsakiyar baya zuwa gindin wutsiya akwai gajerun ratsi a jere kamar matakan tsani. Cikin fari ne tas, ratsin bai zagaya ƙarƙashi ba. Babu ratsi mai duhu-duhu tsakanin baƙaƙen, irin wanda jakin dawa gama-gari na fili yake da shi. A wuya kuma ga ragowar fatar nan mai reto kamar ta bijimi. Na san irin wannan ba a fita da fatarsa daga ƙasa sai da takardar izini. In aka kama ta a tashar jirgin ruwa za a iya ƙwace ta, a kuma tsare sauran kayan, kayan da ya yi shekaru yana tarawa.

Abin da ya fito daga bakina shi ne, "To, Baba, da alama dai, ko da yake fata kan sauya in ta daɗe, mai yiwuwa..."

Hajiya, matarsa, ta leƙo daga kicin. "Wannan ne Daktan? Alhaji, tun daga Manchester aka kawo maka mai yiwuwa?"

Na yi dariyar dole. Don in samu lokacin tunani, na tambayi Baba ko mai fatar ya taɓa faɗin inda ya samo ta.

"Taɓa faɗi?" in ji Baba. "Kullum da safe, in na gama yi masa wanka. Ya manta sunan ɗansa, ya manta nawa, amma bai manta wannan ba."

Ya gyara zama ya ba ni labarin yadda ya ji shi. A Namibiya ne. Mota ta kai su gindin duwatsu ta tsaya, daga nan sai ƙafa. Kwana uku suna hawa, shi da wani mai bin sawu ɗan ƙasar, gajere, wanda ba ya magana sai nuni da leɓe. Dabbobin kan gan su tun kafin su gan su. In garken ya gudu, namijin ba ya gudu tare da su. Yakan tsaya a baya, a kan dutse, ya yi huci har sai sun yi nisa. Sun tarar da ramuka a busasshen rafi, mai bin sawun ya nuna masa cewa su suka tona da kofato suna neman ruwa. A rana ta uku takalmin Baturen ya yage, gwiwarsa ta kumbura. Sai ga wani tsohon namiji shi kaɗai a gefen kwari. Harbi ɗaya. A can kan dutsen aka feɗe shi, aka kira ma'aikata suka sauko da naman a kafaɗa, ba a bar komai ba.

"In ya zo nan yakan yi shiru," in ji Baba. "Wata rana har da hawaye. Sai ya ce, takardun suna bayan hoton. Sai in ce to, in sa masa safa."

Tsayawar namiji a baya, tonon ruwa a rafi, hawan da mota ba ta yi: duk na karanta su, wasu har na kafa hujja da su a rubutuna. Ga su yau a bakin dattijo daga Kumasi, da Hausa, bai zubar da ko ɗaya ba.

Na ce, "Baba, na kan dutse ne. Kada a sa ta cikin kayan Asabar. Kuma kada baduku ya taɓa bayan nan, shi ne shaidarta."

Ya dube ni. "Ka tabbata?"

Na ji "mai yiwuwa" ta taso har maƙogwaro. Na haɗiye ta. "Na tabbata."

Hoton farautar yana gidan ɗan marigayin Baturen. Baba ya buga masa waya ya miƙo mini, ni da nake rubuta abin da zan faɗa kafin in kira likita. Mutumin ya saurare ni da ladabi, ya ce mahaifinsa ya rikice a ƙarshen rayuwarsa, labarin yana sauyawa kullum, bai kamata a wahalar da dattijo a kan shimfiɗa ba. Na ce masa wanda ya ji labarin shekara shida ya ce bai taɓa sauyawa ba, fatar kuma ta gaskata shi. Na roƙe shi ya buɗe bayan hoton kawai. Ban janye ba.

Muna cikin cin shinkafa da wake wayar ta yi ƙara. Ɗan marigayin ne, ya samu takardu biyu a ninke a bayan hoton, sun yi rawaya: izinin farautar, da na shigo da fatar. Sannan ya tambaya ko Baba zai yarda ya ba shi labarin kafin ya tafi. Baba ya ce ya zo Juma'a bayan masallaci.

Hajiya ta ƙara mini nama. "Ci, Dakta. Ashe kana da baki."

Kaya suka tafi Asabar ba fatar. Ta dawo ɗakina a Withington, a naɗe a kan kabad, na yi watanni ina cike takardu ina sake dubawa, ina tsoron kada in yi kuskure a layi ɗaya in jawo wa Baba asara. Sau uku na rubuta wa ofishin ba da izinin ina tambayar abin da suka riga suka amsa. Da izinin ya fito, Anti ce ta tafi da ita a jakarta.

Ta turo mini hoto daga Kumasi. Baba na zaune a kan fatar a barandar gidansa da carbi a hannu, ba a rage ko ɗan yatsa ba, wutsiyar har ta sauka kan matakala. Na buɗa hoton na ƙirga gajerun ratsin nan na baya. Suna nan cif.