Goran Zayyanu

Duk wanda ya taɓa hawa mashin ɗin Zayyanu tsakanin Argungu da Birnin Kebbi ya san ba su biyu ba ne a kai, su uku ne: shi, da fasinja, da gora. Ba goran fura ba fa! Ƙaton goran masunta, irin wanda ake kifa ciki a kansa a ratsa gulbi. Rani da damina yana ɗaure a bayan mashin, da dare kuma a gefen gado yake kwana. In ka tambaye shi me ɗan kabu-kabu zai yi da gora a kan kwalta, amsarsa ɗaya ce: "Ba a sani ba."

Ni taubashinsa ne, don haka bakina ya halatta ya faɗi abin da kuke rufa masa: Zayyanu tsoron ruwa yake yi. Bakabe jikan masunta, haifaffen Argungu, ɗan gidan da tun daga zaure ƙarnin kifi ke yi maka maraba, amma ko kwalbati zai haye sai ya yi bisimilla ya miƙa hannu baya ya taɓa goran. Sunan matsoraci ya bi shi gari guda, kuma ni na fi kowa yaɗa shi. Sunan yana yi masa zafi, na sani sarai. Sai dai ya murmusa ya ce, "Ku ci gaba da dariya. Wata rana sai kun roƙe ni goran ga."

Kun tuna Maman Chidi, mai shagon atamfa a kasuwar Birnin Kebbi? Ranar nan ta tsayar da shi zai kai ta Ambursa da ɗaurin kaya biyu, ga shi babu wurin ɗorawa.

"Zayyanu, sauke tukunyar nan in sa kayana."

"Ba tukunya ta ba, Madam, gora na. Kuma akwai kwalbati gabanmu."

"Wanda ya bushe tun bara? Awaki ne ke kwana a ciki!"

"Ba a sani ba."

Haka aka ɗaure atamfa a baya, ita kuwa ta rungume gora a cinya har Ambursa. Suna shiga gari mutane suka hau tambaya, "Madam, an bar atamfa an koma su?" Amma daga ranar ba ta ƙara hawa mashin ɗin kowa ba sai nasa. Ta ce mutumin da ke tsoron mutuwa haka ba zai yi gudu da ita ba.

Ni kaina na sha nawa. Ana gobe za a shiga su, gorana ya tsage, na je aro.

Ya dube ni sama da ƙasa. "Kai da ka iya ruwa, mi za ka yi da gora? Ni da ban iya ba, ni ka buƙata tai."

"Haba Zayyanu! Ai kai ba shiga ruwan za ka yi ba!"

"Shi ruwan hwa, in ya hito?"

Wallahi haka na dawo hannu biyu, ina zaginsa har gida.

Sau ɗaya tak ya taɓa shiga gulbi, shi ma soyayya ce ta tura shi. Ya ga Hadiza 'yar Baba Manu, wani tsohon masunci a ƙauyen da ke gefen fadamar Gulma. Baba Manu ya ce, "Ba ni ba da ɗiyata ga Bakaben da bai taɓa jiƙa wando ba." Zayyanu ya kwana uku yana shawara, sannan ya ce a tara shaidu. Ya ɗaure gora a ƙirji, ya ɗaura igiya a ƙugu, ya kai ɗaya bakin ya ƙulla a jikin bishiya, sannan ya ce in riƙe tsakiya, wai ko bishiyar ta tuge. Ruwa bai wuce gwiwa ba sai wata tarwaɗa, Allah kaɗai ya san me ta gani, ta faɗa ƙafar wandonsa.

"Wayyo Allah! Kada ya kama ni! Ja igiya, ɗan banza, ja!"

Kafin in ja ma ya riga ni isa tudu, yana tsalle, tarwaɗa na fafutuka a cikin wando. Baba Manu ya yi dariya har ya zauna a cikin laka. Da ya samu numfashi ya ce, "Tun ina yaro nika su, ban taɓa ganin wanda yak kama kihi da wando ba. Na ba ka ita."

To, duk wannan tsoron ruwan, a kan gadonsa ya rasu, cikin bazara, lokacin da rijiyoyi ma suka ƙafe. Zazzaɓin kwana uku ne. Bai cika talatin ba, 'yarsa Nana tana da wata huɗu. Na daɗe ba na iya kallon mashin ɗin.

Da Hadiza ta fita takaba ta koma gidan ubanta, ta ce ba ta son komai na ɗakin sai goran. Ta ajiye shi a gefen gado kamar yadda ya saba. A ƙarshen daminar nan na kai wa Nana kayan sawa daga wurin kakarta, muna zaune da hantsi sai muka ji ihu. Gulbi ya ɓalle. Kwalekwalen Baba Manu da gorunansa duk suna bakin ruwa inda masunta ke barin su, su ruwan ya fara kwashewa. Kafin mu ankara, ruwan da ke tsakaninmu da tudu ya shanye tsayin mutum, ga jinjira a hannu.

Gora ɗaya ya rage a gidan. Hadiza ta goya Nana ta kifa ciki a kansa, ni da Baba Manu muka kama igiyar nan tasa da ke ɗaure a wuyan goran muna iyo muna ja. Goran ko ɗigo bai sha ba, don mai shi bai taɓa barin ya tsage ba. Da muka taka ƙasa, Nana ko zanen goyonta bai jiƙe sosai ba. Tsohon ya dafa goran ya ce, "Ashe ruwan na hitowa."

Nan na zauna na yi kukan da ban yi ba ranar jana'iza. Zayyanu, ka ce sai mun roƙe ka, ga shi mun roƙa ba ka nan, kuma ka ba mu. Na janye sunan da na sa maka, a gaban kowa.

Allah ya jiƙanka, taubashina. Ya raya Nana, ya haye da kai siraɗi lafiya, babu tsoro.