Kwamfutar da ta sha turaren wuta

Muna idar da sallar asuba muka bar Zariya, ni da maigida, ga kwamfutar ƙanena a cinyata na naɗe ta da zani kamar jaririya. Shi ya bar mana ita da zai tafi karatu Masar. Yanzu matarsa ta haihu a can, Innarmu kuma yanar ido na ƙara rufe mata gani, kullum maganarta ɗaya: ta ga fuskar jikan nan tun tana iya gani. Ita kuwa kwamfutar, da an soka mata modem sai ta sandare, ko kibiyar nan ba ta motsi. Wani abokin maigida ne ya ce mu gwada wata mata mai gyara a unguwar Talabijin da ke Kaduna.

Hanya lafiya lau har Kawo, inda cunkoso ya riƙe mu, masu burodi suna cusa mana shi ta taga. Gaskiya rabona da tsallaka gadar kogin Kaduna an daɗe, har gabana ya ɗan faɗi, na yi ta hailala. Sai ga kogin ya cika maƙil, masunta a kwalekwale, mata na wanki a gefe. Mun bi ta Kakuri muka ga manyan masaƙun nan a rufe, ciyawa ta cinye ƙofofinsu, abin tausayi. A Talabijin kuwa kasuwa ta ci: doyar Binuwai kamar cinyar mutum, lemu tuli tuli, kuma sun fi na Zariya sauƙi nesa ba kusa ba. Maigida ya ce gyara muka zo, ba sari ba.

Shagon ɗan ƙarami ne amma fes. Madam ɗin 'yar Filato ce, Hausarta tar. Ba ta yi gaggawa ba. Ta kunna, ta sa namu modem, kwamfutar ta sandare. Ta sa nata, haka. Sai ta ɗora tafin hannu a ƙarƙashinta, ta yi saurin janyewa, ta ɗauko sukudireba. Tana buɗe bayan, ƙamshi ya cika shagon.

"Hajiya, wannan kwamfuta ce ko kasko?"

Fankar ciki ta yi baƙi ƙirin, ta danƙare da maiƙon turaren wuta da zaren auduga. Na gaya mata gaskiya: akwai karatun Alƙur'ani a ciki, shi ya sa ba na ajiye ta a ƙasa. A kan filo take zama, in lulluɓe ta, in turara ɗakin safe da yamma. Na zaci dariya za ta yi mini.

"Ai mamata ma ko tabarau ba ta yarda a ɗora kan Baibul ɗinta," in ji ta. "Amma wannan numfashi take yi ta ƙasa. Shiga intanet aiki ne mai nauyi a wajen tsohuwa, ga filo ya toshe mata hanci. Zafi ke sumar da ita."

Ta goge fankar da ɗan buroshi, ta cire wasu manhajoji da ke rububin sabunta kansu da zarar an haɗa, sannan ta ce a sa kafinta ya yi mata ɗan benci mai ramuka, ta zauna a sama kuma ta sha iska. Da azahar ta yi, ita ta ba ni ruwa a buta ta nuna mini gabas. Muka ci gwaten acca a shagon maƙwabciyarta, mai yakuwa da gauta, ban taɓa cin irinsa ba.

Kafin magariba muna gida, da doya biyu a but, don na yi nasara a kan maigida. Na koyi cewa abin da kake tattali ma yana son a bar shi ya sha iska, kuma tsoron da nake wa tsallaken gada ya fi abin da ke can yawa.

Bayan sallah muka kira Masar ta bidiyo a kwamfutar. Inna ta matso har hancinta na taɓa gilashin.

"Kunnuwan Malam ne," ta ce, tana nufin marigayi Babanmu.

Sai ta karanta addu'a ta tofa wa jaririn a kan allon. Ban goge ba sai da ta tashi.