Turaren Ayaba a Ranar Suna

Mahaifina mutum ne mai son a ce. Ba mugu ba ne, ba kuma marowaci ba, amma in kana so ya tuɓe maka rigar wuyansa, to ka ce masa bai yi kama da mutumin ƙauye ba. Gyaɗa da gero yake nomawa a bayan Madarumfa, garinmu na bakin tabki, kamar kowa, sai dai shi kaɗai ke zuwa gona da agogo a hannu, agogon ma ya daɗe da tsayawa.

Ni a Maraɗi na yi aure, gidan 'yan kasuwa, tun kafin babban farin nan da ya cinye dabbobi. Surukina Alhaji ne mai kanti a bakin kasuwa, da kamyonsa, babbar motar kaya mai zuwa Kano. Sun riƙe ni da kyau, ba ni da abin cewa. Abin da ya tsaya wa Baba a rai shi ne ranar da ya je gaishe su. Alhaji ya amsa gaisuwa yana duban buhuna, ya ce, "Ya tabki? Ya kihi?" Baba kuwa bai taɓa jefa taru ba a rayuwarsa. Ya dawo gida yana maimaita tambayar nan har damina ta wuce.

Da cikina ya tsufa na koma gida goyon ciki, na haifi namiji. Sai saƙo ya zo cewa a gidanmu za a yi suna, kuma Alhaji da kansa zai zo. Daga ranar Baba bai ƙara zama ba. Abu ɗaya yake so: Alhaji ya koma Maraɗi da sanin cewa ɗansa a gidan wayayyen mutum ya yi aure. Ya sa aka yi wa zaure sabon yaɓe, ya aro kujeru daga lakwal, wato makarantar boko, ya sayi ragon da ya fi ƙarfinsa. Turare ne ya rage. A wurinmu mai gida yakan zaga baƙi da kwalba, ya ɗiga wa kowa a hannu, mutum ya shafa a gemu da gaban riga. Turaren Baba kuwa irin na 'yan koli ne, wanda ko yaran motar Alhaji sun wuce shi.

Inna, mahaifiyata, alewa take yi. Ta dafa sukari, ta rataya shi a ƙusa tana ja har ya yi fari, a yanka a kai wa 'yan lakwal. Alewarta ta fi ta kowa kasuwa saboda wata 'yar kwalba mai ruwan ƙasa da wani ɗan koli ya sayar mata. Abin da ke ciki garau yake kamar ruwa, amma in ta buɗe sai gida ya ɗauki ƙamshin ayaba. Mu da sai an yi sa'a muke ganin ayaba daga motocin kurmi, mun ɗauka matse ta aka yi. Ɗan kolin ya ce babu ko ɓawon ayaba a ciki, haɗi ne na Turawa. Ya kuma gargaɗe ta: kada ya je kusa da wuta, kada a sha shi tsagwaronsa, kada a daɗe ana shaƙa, a rufe shi gam don gudu yake yi. Da tsinke take ɗiba, ɗigo ɗaya ya ishi tukunya. Ran da kaɗan ya zuba a kan akwatinta, furen da aka zana da fenti narkewa ya yi. Tun daga nan take binne kwalbar a cikin tukunyar yashi a ƙarƙashin gado.

Baba ya raina sana'ar, wasan yara yake ce mata. Ana gobe suna da la'asar ya zo wucewa, Inna na ɗiga abin a alewar baƙi. Ya tsaya cak, hancinsa a sama.

"Wanga ƙamshi hwa?"

"Na alewa ne, Malam."

"Abu mai ƙamshi haka kike zuba ma yara cikin sukari? Ke dai ba ki san darajar abu ba."

"Ba turare ba ne. Ci akai, ba a shahwa shi."

"Su wa sunka yi shi?"

"Turawa."

"To kin ji! Ki taɓa jin Bature da jirginsa da komi ya zamna yi ma alewa turare? Ɗan koli ne bai san abin da ya riƙa ba."

Ya karɓe kwalbar ya zura a aljihu. Inna ta bi shi har bakin zaure tana cewa ya dai yi nesa da wuta. Ina daga ɗaki ina jin su, da kofin kunun kanwa a hannu. Mai jegon fari ba ta sa baki a shirin sunan ɗanta, kunya ake so ta nuna, don haka na ci gaba da shan kununa.

A ƙofar gidanmu akwai wata babbar tsamiya, a nan ake kowane taro. Maƙwabcinmu ya rataya amyoyin zumarsa a samanta shekara da shekaru, zumar ba ta taɓa kula kowa ba. Bayan asuba jama'a suka hallara, amma aka zauna jiran Alhaji, shi kuwa babban mutum ba ya sammako. Sai da rana ta ɗaga, zafi ya fara, sannan aka ji ƙugin mota.

Ta ramin darni nake leƙe. Baba ya fito cikin babbar riga, ya riga ya tuttula wa kansa abin tun daga hula har aljihu. Ya fara da Alhaji. Alhaji ya miƙa hannu, ya kai hanci, ya ɗan daɗe yana duban Baba, sannan ya ce, "Madalla," ya shafa a gemu. Da jin haka kowa ya miƙo hannu biyu. Baba ya bi sahu yana zubawa, ba ɗigawa ba, fuskarsa kamar wanda aka naɗa sarauta. Kafin a raba goro gindin tsamiyar nan ya koma tukunyar Inna. Liman ya fara addu'a idanunsa na zubar da ruwa, mutane suka ce tsoron Allah ne ya kama shi. Yaji abin yake masa.

Wannan jaririn da ake taro dominsa, da ya girma ya yi karatun aikin gona, shi ya bayyana mini sauran. Ashe ƙudan zuma in ya harbi abu yakan saki wani wari irin wannan sak, don ya kira 'yan uwansa cewa ga abokin gaba. Wato Baba ya bi manyan gari ɗaya bayan ɗaya yana sa musu alama.

Liman ya faɗi suna ke nan, na kusa da shi kawai suka ji, sai tsamiya ta fara ruri, zuma ta ɓarko. Fatiha a guje aka shafa ta. Dattawan da na sani da sanda suka manta da sandunansu. Rago ya tsinke igiya ya yi gabas, shi kaɗai ba a shafa masa komai ba amma ya fi kowa hankali. Wani ya yi ihu, "Tabki! Ku hwaɗa tabki!" Jama'a suka kwarara gangare. Alhaji mai kamyo, da shaddarsa da ta sha bugu, an gan shi a ruwa har wuya tsakanin ganyen bado, yana nitsewa yana tasowa. Ranar dai ya samu amsar tambayarsa a kan tabki.

Mu mata muka ja ƙofa, na lulluɓe jariri da zane. Dariya nake yi har wurin haihuwa na min ciwo. Sai na ji muryar Inna a waje. Maƙwabcinmu ya taho da kara mai wuta da busasshen kashin shanu don ya yi hayaƙi, ya nufi inda Baba ya faɗi.

"Kak ka matso da wutag ga! Rigar tai za ta kama!"

Ita ta shiga cikin zumar da buhu a ka, ta fizge wa Baba rigar ta tura ta cikin yashi. Baba ya fi kowa jiƙa da abin, don haka ya fi kowa shan harbi. Da aka shigo da shi ban gane shi ba. Idanu sun rufe, leɓe ya yi suntum, numfashinsa na fita da ƙara. Nan dariyata ta tsaya, na ji tsoron da ban ji ba ko a ranar haihuwa. A amalanke aka kai shi asibiti, aka yi masa allura, Allah ya sa da sauran kwana.

Alhaji bai tafi ba. Da aka dawo da Baba, sai ya tarar da Alhaji a zaure, sanye da wata tsohuwar rigar Baban da aka ara masa, kunnensa ɗaya ya yi biyun ɗayan. Suka ci tuwo a kwano ɗaya, kowa na neman bakinsa da ƙyar. Ina jin Baba yana cewa, "Alhaji, mahassada ne sunka turo ta. Sun ga turaren da ba su taɓa gani ba."

"Hakan nan ne," in ji Alhaji. "Irin wanga ba kowa ka samu nai ba."

Bayan arba'in na koma ɗakina. Mijina ya biya da ni kanti in gaida Alhaji. Ina durƙushe sai idona ya sauka bayan buhunan sukari. Ga kwalaben nan masu ruwan ƙasa jere reras, kanta guda cike. Shi ke sayar wa duk masu alewa da masu lemo na Maraɗi. Ɗan kolin Inna ma a nan yake sarowa.

Ya ga inda nake kallo.

"Ɗiyata, kin ga wani abu?"

"A'a, Baba."

"To ni ma rannan ban ga komi ba."

Kunya ta rufe ni, kunyar ubana, har na ji kamar ƙasa ta tsage. Na kuma ji ina ƙaunar tsohon nan. Na so in ce masa da ya buɗe baki da gari bai sha harbi ba, amma suruka ba ta faɗin haka.

Daga wannan shekara, kowace Sallah sai Alhaji ya aiko wa Baba turaren gaske, irin wanda ake kawowa daga Makka. Baba yakan buɗe a gabanmu, ya shinshina, ya girgiza kai da tausayi. "Alhaji mutumin kirki ne," yakan ce, "amma bai san turare ba." Sai ya miƙa wa Inna. Har ya rasu babu wanda ya gaya masa.