Nuala Gilsenan da Motar Alhamis

Duk safiyar Litinin, in ruwan sama ya ɗaga mana ƙafa, za ka ga riguna goma sha biyar kore shar a kan igiya bayan gidan Nuala Gilsenan, a jere daga lamba ɗaya. Shekara arba'in da shida tana wanke wa ƙungiyar ƙwallon ƙauyenmu kaya. Bana ciwon gwiwa ya sa ta ajiye aikin.

Mu mutanen nan gwanayen tuna baya ne. Shiga mashaya ka ambaci Packie Devane, ka ga tsofaffi sun gyara zama. Wannan ya ce daga tsakiyar fili ya buga ƙwallon da ta ciyo mana kofi a 1981, wancan ya ce ƙarya ne, daga bakin katangar maƙabarta ne. Kowace shekara nisan ƙaruwa yake yi. Muna ba da labarinsa kamar wanda ya mutu, alhali yana nan da ransa a gidan kula da tsofaffi, mil tara daga nan, ya manta har sunan 'yarsa. Ni kaina sau ɗaya na je, kuma ina jin kunyar faɗa.

Nuala kuwa duk Alhamis sai ta hau motar bas ta ƙarfe biyu ta je wurinsa. Orla, 'yar Packie, ta ce wata rana ta tarar Nuala tana ba shi labarin wasan nan na 1981.

Packie ya ce, "Wane ne wannan yaron? Ya iya ƙwallo."

Nuala ta ce, "Wani ne mai taurin kai, ba ya ba kowa. Ga ƙazanta, rigarsa ta fi ta kowa taɓo, ni na sha wuyarta."

"Allah ya shirye shi," in ji Packie, ya yi dariya har da hawaye. Rabon Orla da jin dariyarsa wata biyar ke nan.

Nuala, uwar 'yan wasa goma sha biyar, ke ce kika riƙe mutumin lokacin da muka tsaya ga labarinsa. Mun gode, Allah ya saka.

Na tambaye ta me za mu yi mata na ban kwana. Ta ce, "Kada ku sayo mini agogon bango, Fintan, ina da uku. Matakalar motar nan ce ta fi ƙarfina yanzu. Shi Packie bai san ni ba, amma ya san Alhamis. Tun tsakar rana yake jan kujera bakin taga."

To jama'a, kun ji, musamman masu mota. Jibi Alhamis, kuma Packie zai ja kujerarsa.