Hoton da Ya Fi Mai Shi Kyau

Babu wanda ya taɓa shiga shagon Mai Hoto ya fito da muninsa. Ka shiga da ƙuraje, hoto ya fito fuska sumul kamar an goge faranti. Ka shiga da sanƙo, ya yi maka gashi daidai gwargwado, ba mai yawan da matarka za ta fara zargi ba. Wani dattijo mai ido ɗaya ya taɓa zuwa hoton katin aiki, aka miƙo masa hotonsa da ido biyu. Ya daɗe yana kallo, ya ce, "Ashe haka nake a da?" Mai Hoto ya ce, "Haka kake har yanzu, Baba, mutane ne ba su iya kallo ba."

Shagon ɗaki ɗaya ne da rabi. A gaba akwai labule mai zanen gidan bene da furanni, kujera mai hannu, tarho na roba da bai taɓa yin ƙara ba, da kwat guda ɗaya da ta shiga hoton rabin mazan unguwa. Rabin ɗakin na ciki shi ne ɗakin duhu, inda yake wanke hoto, sannan ya zauna da fensir mai tsini da burushi siriri kamar gashin ido yana gyara halittar jama'a. Matarsa takan ce, "Malam, kai ko hoton akuya aka ba ka sai ka rage mata gemu."

'Ya'yansu biyu. Ƙaramar mace ce, Auta. Babban kuwa tun yana rarrafe ake kiransa Kunnuwa, don kunnuwansa sun buɗe gefe da gefe kamar marikin tukunya. Yana da tabo a girar hagu, haƙorin gaba ɗaya ya ɓalle rabi, ga ƙafa kamar shebur. Yaro ne mai shiga rai, amma ba wanda zai rantse da kyansa sai uwarsa. Yana da shekara goma sha shida, wata safiya ya fita, bai dawo ba.

Uwar ta kwanta ciwo, ko ruwa sai an ɗago mata kai. Mai Hoto ya tafi caji ofis shi kaɗai. Sajan da ya tarar yana ta fama da biron da ya ƙi rubutu, ya ce, "Yaro ne, yunwa za ta koro shi. Je ka kawo hoto mu raba wa sauran ofisoshi."

Nan aka yi ɓarnar. Mai Hoto ya koma shago, ya ciro fim ɗin hoton yaron na ƙarshe, ya wanke, ya zuba masa ido yana hawaye. Sai ya tuna cewa hoton nan zai bi ofis ofis, manya za su riƙe shi a hannu, a ce wai ɗan Mai Hoto ne guda. Bai ma yi shawara da zuciyarsa ba, hannunsa ya kama aikin da ya saba. Ya kwantar da kunnuwan. Ya share tabon. Ya cike haƙorin, ya ƙara kumatu, ya ɗan miƙe hancin tunda an riga an fara. Da ya kai, Sajan ya ce, "Kai, yaro kyakkyawa haka!" Duk da halin da yake ciki, sai da Mai Hoto ya ji wani ɗan sanyi.

'Yan sanda kuma suka yi nasu. Ba su leƙa tashar mota ba sai bayan duk direbobin wancan makon sun watse cikin duniya. Ba su tambayi abokan yaron ko ɗaya ba, sai maigadin makaranta, wanda kowa ya san barci yake fara yi tun kafin ya gama zama. Can bayan watanni suka aiko a zo, an samu shaida. Silifas ne wari ɗaya, shuɗi, na ƙafar hagu, an tsinto a bakin kogi. Sajan ya ajiye shi a kan tebur da ladabi, ya ce, "Sai haƙuri. Ruwa ya ci yaro."

Lokacin uwar ta samu sauƙi, tare aka je da ita. Ta ɗaga silifas ɗin da yatsu biyu, ta ce, "Ranka ya daɗe, babban yatsan ɗana kaɗai ba zai shiga nan ba."

"Ruwa yana sa roba ta tsuke," in ji Sajan.

"To ai da bokitin gidana ya koma kofi."

Dangi suka yi zaman makoki a gidan wan Mai Hoto, don ita ta ce ba a gidanta ba. Mai Hoto ya je ya zauna, ya dawo ya ce mata bai zauna sosai ba. Tun daga nan, duk shekara sai ta ja shi sun koma caji ofis a nuna musu shaida. Abin mamaki, silifas ɗin ba ya zama wuri ɗaya. Wata shekara aka fito da shi na ƙafar dama. Wata shekara ya koma kore. Akwai shekarar da aka daɗe ana nema, sai ga wani kurtu ya fito daga bayan gida yana ɗingishi, ya miƙo shi da danshinsa. Fayil ɗin kuwa, sun taɓa tarar da shi a ƙarƙashin fanka, an tokare ta don kada ta yi rawa.

Rayuwa ba ta tsaya ba. Kwamfuta ta zo, Mai Hoto ya koya, gyara ya ƙara tsanani, har wata amarya ta kasa gane kanta ta ce a ba ta hoton wannan baiwar Allah ma tana so. Auta ta girma ta kama kula da shagon. Shi kuwa Mai Hoto ya yi furfura, ya yi tumbi, yana share su duka a hotunansa. Bakinsa bai mutu ba, yana zolayar kowa a layi, amma in motar haya ta tsaya a bakin titi sai maganarsa ta yanke har fasinja na ƙarshe ya sauka.

Bayan shekaru fiye da goma aka kawo sabuwar Sufeto, mace, mai gilashi da ƙarancin dariya. Ta sa aka kira su. Ta ce an ba ta umarni ta rufe tsofaffin fayiloli kafin ƙarshen wata: ko dai iyaye su yarda yaro ya rasu, ko a samu sabon abin kamawa.

"Silifas ɗin nan ban yarda da shi ba ni ma," in ji ta. "A takarda an ce shuɗi, a leda na ga ja. Amma ba ni da wani abu. Mama, ki duba hoton nan, ko akwai alamar da aka manta ba a rubuta ba."

Uwar ba ta taɓa ganin abin da ke cikin fayil ɗin ba, silifas kawai ake nuna mata. Ta karɓa, ta matso da shi, ta nisanta shi, ta juya bayansa.

"Ɗan waye wannan?"

Mai Hoto ya fara nazarin silin.

"'Yata, an haɗa miki fayil da na wasu. Wannan ai ɗan masu kuɗi ne. Ina kunnuwan?"

Ta juya a hankali ta kalli mijinta. Shekara talatin da wani abu suna tare, ba ta buƙaci ya ce komai ba.

"Malam."

"Kaɗan na taɓa."

"Kaɗan? Ina tabon? Wa ya ba shi haƙori? Wannan hancin na gidan su wa? Shekara da shekaru ina zagin bayin Allah nan, ashe an aike su neman wanda ba a haifa ba!"

"Ai su ma da sun nema..." ya fara, sai ya ga Sufeto ta cire gilashi tana goge ido, kafaɗunta na rawa. Ta ce, "Baba, laifinmu yana nan, ba ka rage mana ko kaɗan ba. Amma ina son ainihin hoton. Wanda hannu bai taɓa ba."

Fim ɗin yana nan cikin gwangwanin biskit, don Mai Hoto ba ya zubar da fim. Auta ce ta fitar da hoton, ta hana uban matsowa kusa da kwamfuta. Yana tsaye bayanta yana murza yatsu.

"Ko hasken kawai..."

"Baba, sa hannunka a aljihu."

"Kunnen daman nan, inuwa ce ta ƙara masa girma."

"Baba, aljihu."

Haka hoto na farko a tarihin shagon ya fita duniya da gaskiyarsa. Sufeto ta aika wa ofisoshi, Auta ta sa a waya, masu waya suka yi ta turawa, wasu don tausayi, wasu don kunnuwan. Mai Hoto ya kwana biyu bai zolayi kowa ba. Ƙarshen wata yana matsowa, kuma ya sani in aka rufe fayil ɗin nan, matarsa za ta iya yafe wa 'yan sanda, shi ne dai bai san matsayinsa ba.

Ana saura 'yan kwanaki, da hantsi, wayar Auta ta yi ƙara. Muryar mace ce daga wani gari mai nisa. Ta ce ita matar wani mai faci ce a bakin babbar hanya. Ta ce, "Ni ban san mijina yana yaro ba. Amma ina da 'ya'ya uku, kuma duk safiya sai na wanke kunnuwan nan guda shida. Ga shi nan kusa da ni, ya ga hoton, ya zauna a kan taya ya kasa tashi."

Auta ta yi ƙara har mai ɗinkin da ke maƙwabtaka ya soke yatsa.

Ranar da za su iso, tun safe layin ya cika. Motar haya ta tsaya, wani ƙato mai gemu ya sauko, sai mace da goyo, sai yara biyu. Ba wanda ya tambayi ko su ne. Uwar ba ta yi gudu ba. Ta taka har gabansa, ta kama kunnuwan da hannu biyu, ta jawo kansa ƙasa ta duba girar hagu, sannan ta rushe da kuka da dariya a haɗe, tana dukan ƙirjinsa.

A cikin shago Kunnuwa ya ba da labari, kansa a ƙasa. Jarrabawa ya faɗi, ya ji kunyar kawo sakamako gida, ya bi wata babbar mota a matsayin yaron mota da niyyar sati ɗaya. Daga baya wani direba ya ce masa ai an yi makokinsa an gama. Ya rasa da wace fuska mamaci zai yi sallama, yau ya ce gobe, gobe ya ce jibi.

"Amma Baba, an taɓa kama ni fa," in ji shi. "A watan farko, ina kwance a tasha. Ɗan sanda ya fito da wani hoto, ya kalle shi, ya kalle ni, ya ce, tashi ka ba mu wuri, wanda muke nema ɗan mutunci ne."

Shagon ya ɗauka da dariya, har Sufeto da ta zo ganin ƙarshen aikinta. Uwar ta buɗe baki za ta yi magana, sai ta ga mijinta. Mutumin da bai taɓa rasa amsa ba yana zaune a kujera mai hannu, jikarsa a cinya, hawaye na bin gemunsa.

"Kaka, kuka kake yi?" in ji yarinyar.

"Wa? Ni? Maganin wanke hoto ne ya shiga idona."

"Baba, rabonmu da maganin nan tun ina makaranta," in ji Auta.

"Ku ƙyale shi ya yi abinsa," in ji uwar. Ta kama hannun surukarta, ta karɓi goyon, ta nufi ƙofa, sannan ta waiwayo ta kalli ɗanta. "Kai kuma, tunda ka dawo, akwai buhun gawayi a bakin layi. Ɗauko mini, mutanen nan duk sai sun ci abinci."