Gadon Motar Baba

Motar mahaifinmu ta fi ni gata a gidanmu na Yakasai. Ita ce da gareji, ita ce da rufi, duk Juma'a a wanke ta a goge, alhali rabonta da tashi tun Baba yana da rai. Ni kuwa da nake fita nema kullum, tawa motar a wani fili take kwana can wajen Ƙofar Nassarawa, a hannun mai gadi. Ko ruwa ake ko rana, a ƙasa nake takawa in je in same ta. Ranar da na gwada ajiye ta a ƙofar gida, kafin in cire takalmi an fara sallama: mai kurar ruwa ya kasa wucewa, mai adaidaita ya maƙale a bayansa yana ta hon kamar ni na gina unguwar. Lungunmu in mota ɗaya ta tsaya, kowa ya tsaya.

Ni ne auta. Yayyena duk sun yi gidajensu a wajen gari, ni aka bari da Hajiya, mahaifiyarmu, ga matata ga yara a ɗakunan sama. Ba wanda ya taɓa ce mini zauna. Kowa dai ya fita ne ya jawo ƙofa. Tun rasuwar Baba ba a raba komai ba, domin gida irin namu ba ya rabuwa sai an sayar, in kuwa aka sayar, to Hajiya ta bar ɗakin da aka kawo ta tana amarya. Sai kowa ya kama bakinsa. Su shirun bai rage su da komai ba, ni ya danne. Ina da fuloti a waje, na zagaye shi na bar wa ciyawa, kuma na san rabona a gidan nan zai ishe ni in gina shi.

Motar kuwa Hajiya ta ce ba mai fitar da ita tana da rai. Na kawo mata dabaru kala-kala, ta saurare ni da kunnen basira, ta ce to ta ji, Allah ya sa mu dace. Duk wanda ya san tsofaffin cikin gari ya san wannan a'a ce.

Wata rana a waya na ga abin da ya hana ni sukuni. Wasu ƙarafa ne huɗu a tsaye cikin gareji, mota ta hau, aka danna, ta yi sama, wata motar ta shigo ƙarƙashinta ta zauna lafiya lau. Na ce kai, ashe masu irin matsalata suna da yawa a duniya. Motar Baba ba za ta fita ba, Hajiya ba za ta yi fushi ba, ni kuma in huta da yawon Ƙofar Nassarawa.

Na tafi wurin wani abokina bakanike na nuna masa. Ya ce iri biyu ne. Akwai mai ƙafa biyu, wanda ke kama mota ta ciki ya bar tayoyi suna lilo, wannan na gyara ne, kuma sai an fasa daɓe an zuba kankare mai kauri, in ba haka ba wata rana ya kife da mutum. Mai ƙafa huɗu kuwa mota a kan tayoyinta take hawa, a sa mata sakata, ko an ɗauke wuta shekara ba za ta sauko ba. Ya ce tsohuwar mota wadda cikinta ya ci tsatsa ba a ɗaga ta ta ciki. Ya miƙo mini wayar ya ce, "Ai wannan gadon mota ne kawai. Ta hau ta kwanta."

Sunan ya zauna mini daram. Da yake motar ba tawa ce ni kaɗai ba, sai na ga ya dace in sanar. Na shiga guruf ɗin gidanmu na waya na rubuta cewa ina so ranar Asabar mu yi maganar gadon motar Baba. Guruf ɗin da ko hoton jariri aka sa sai an kwana ana masha Allah, ranar ya yi tsit. Na ce a raina, ji mutanen nan, abin da ba su za su biya ba ma sai sun yi rowar amsa.

Asabar bayan la'asar na sauko na tarar an shimfiɗa tabarmi a tsakar gida. Yayyena maza da mata duk sun zo, har wadda ke aure a wani gari. Baffa, ƙanen mahaifinmu, wanda ba ya barin kasuwa sai da dalili, yana zaune da wani malami a gefensa. Nan take na gano yadda suka karanta saƙona. A baki, gadon kwanciya da gadon magada ba sa haɗuwa, ɗaya a tsinke shi ake yi, ɗayan a ja shi. A rubuce kuwa uwa ɗaya uba ɗaya ne.

Kafin in buɗe baki Yaya Babba ya fara. Ya ce tunda Auta ya yi ta maza ya ɗago maganar, to alhamdu lillahi, dama nauyi ne a kan kowa. Ya ce ba a rabon mota a bar gida. Baffa ya ƙara da cewa jinkirta rabo ba abin so ba ne a addini, kunya ce kawai ta riƙe shi shekarun nan. Malam ya gyara zama. Sannan Baffa ya juyo gare ni.

"Kai ka tara mu. Faɗi abin da kake so."

Wallahi na so. Ba zan yi ƙarya ba, na so ƙwarai. Ba sai na ce komai ba ma, in na sunkuyar da kai kawai shi ke nan, malam zai fara lissafi, kafin baɗi ina gidana, motata a gindin tagata. Ƙofar da na yi shekaru ina hange, ga ta kuskure ya buɗe mini, kuma ba wanda zai ce ni na fasa gidan Baba da gangan.

Sai na dubi Hajiya. Tana bakin ɗakinta a kan darduma, ba ta kallon kowa. Ta yafa babban mayafinta na fita unguwa, a cikin gidanta, takalmanta a jere kusa da ita.

Na buɗe baki har na fara jan kalmar, sai na tsinke ta. Na ce, "Gado nake nufi, Baffa. Na ƙarfe, mai ƙafa huɗu."

Na ciro waya na nuna. Ta zaga hannu-hannu. Yaya Babba ne ya fara dariya har da tari, sauran suka ɗauka, dariyar mutanen da aka sauke wa kaya. Baffa ya ce yanzu saboda gadon mota na taso shi daga kasuwa, lallai ɗan auta ba ya girma. Malam ya yi addu'a, aka ci abinci. Ba wanda ya sake ɗaga ɗaya maganar. Kafin magariba kowa ya fita ya jawo ƙofa.

Bayan kwana biyu bakaniken ya zo da magwaji. Ya auna tsayin motar Baba, ya auna tawa, ya ɗaga kai ya dubi rufin garejin. Ya ce ba zai yiwu ba, sai an fasa abin da ke sama. Na ce masa abin da ke sama ɗakin da nake kwana ne. Ya naɗe magwajinsa ya ce to sai haƙuri.

Washegari da safe na shiga gaida Hajiya zan fita. Ta amsa, har na kai bakin ƙofa ta kira ni.

"Auta, ranar nan na ji ka."

"Me kika ji, Hajiya?"

"Gadon da ake ja bakinka ya fara ɗaukowa. Ka mayar da shi."

Na tsaya riƙe da labule. Ta ce Allah ya yi mini albarka, ya ba ni masu yi mini. Sannan ta ce in ɗauki lema, hadari ya haɗo, kuma Ƙofar Nassarawa da 'yar tafiya.